Mace a ɗakin gwajin kimiyya tana buƙatar uwar ɗaki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar kemistiri ce a wata babbar makaranta a jihar Filato. A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos, a garin nan na yi aure, a nan nake renon 'ya'yana huɗu. Na fi shekara goma sha biyar ina shiga ɗakin gwaje-gwaje da farar riga a kan hijabina.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata ɗalibata da ta shigo ofishina makon jiya, ta ajiye mini littafin da take rubuta sakamakon gwaje-gwajenta, ta ce, "Malama, ki ba wani ya ƙarasa, ni na haƙura." Yarinyar nan ita ta fi kowa maki a ajinsu, saura mata wata shida ta kammala digiri na biyu. Da na zaunar da ita na ba ta ruwa ta sha, sai na tarar ba karatun ne ya gagare ta ba. An sa ranar aurenta, dangin mijin sun ce su ba su san wani karatu da zai riƙa kai mace bakin kududdufi a bayan gari ba, mahaifinta kuma ya ce ba zai ja da su ba. Wata uku tana ɗauke da abin a ciki ita kaɗai, domin ba ta san cewa irin wannan magana ana kawo ta ofishin malama ba.

Mu goma sha ɗaya ne mata a ajinmu na digirin farko. Yau mu biyu ne muka rage a harkar bincike. Sauran tara ɗin na san su ɗaya bayan ɗaya, har yanzu muna haɗuwa a biki da suna, kuma aƙalla uku daga cikinsu sun fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Hukumar UNESCO ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku ne na masu binciken kimiyya a duniya mata. Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Fabrairu ta zama ranar mata da 'yan mata a kimiyya, mu ma a nan muna taruwa a ranar, a kawo 'yan sakandare, a yi musu jawabi cewa su dage. Ina goyon bayan taron, ni ma ina zuwa. Amma 'yan matanmu sun dage tun tuni. A sama suke zubewa, tsakanin digiri na farko da na uku, daidai shekarun aure da haihuwa, kuma a wannan tsakanin babu mai riƙe musu hannu.

Bari in faɗa maka yadda ilimin zama malamin jami'a yake yawo a wurarenmu, domin a nan matsalar take. Ba a aji ake koyar da shi ba, ba ya cikin kowane littafi. Yaushe ake buɗe neman tallafin ƙaro karatu na TETFund (asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu), wace mujalla ce ta gaskiya wace ce ta 'yan karɓar kuɗi, wane farfesa ne yake neman wanda zai saka a bincikensa, maƙala nawa ake so kafin a ɗaga mutum zuwa babban lakcara, yadda ake rubuta wa baturen da ba ka taɓa gani ba wasiƙa ya amsa maka. Namiji yana tsintar wannan duka a kyauta. Yana jin sa a majalisa bayan la'asar, a hanyar fitowa daga masallaci, a teburin mai shayi, a motar da suka haɗu su huɗu za su taro Abuja. Ba wanda ya zauna ya ƙulla cewa a ɓoye wa mata. Wuraren ne kawai mace ba ta zama a cikinsu, kuma ba na neman ta zauna. Ƙarfe huɗu na yi tana hanyar ɗauko yara daga Islamiyya.

A shekarata ta biyu da fara aiki, wani gurbin ƙaro karatu a waje ya zo sashenmu. Na ji labarinsa kwana tara bayan an rufe karɓar takardu, daga bakin wani abokin aikina da ya zo yi mini sallama zai tafi. Ya yi mamaki ƙwarai da ban sani ba, ya ce ai kowa ya sani, an yi ta maganar. An yi ta maganar, gaskiya ne, a inda ba na nan. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

A wannan halin wata farfesa ta same ni. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ta son haka. 'Yar asalin ƙasar Bokkos ce, Kirista, ta girme ni da fiye da shekara ashirin, kuma ba ita ce sufabaizata ba, ba ma sashenmu ɗaya ba. Mama nake ce mata, ita kuma 'yata. Ta gan ni ne a baranda ina wanke kwalabe, ta tambaye ni me nake aunawa.

Aikina a kan ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari ne. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya gan su, manyan ramuka cike da ruwa tun zamanin da kamfanonin Turawa suka yi ta haƙa a farkon ƙarni na 20. Da wannan ruwan manoman rani da yawa suke ban ruwa ga kabeji da karas da latas da tumatir, kayan da ake lodawa a kasuwar Farin Gada zuwa ko'ina a ƙasar nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin kayan gwari ne a wannan kasuwa, da kuɗin kabeji aka biya mini makaranta. Abin da nake so in sani shi ne ko akwai ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom a ruwan, kuma nawa ne yake shiga cikin ganyen. Lokacin ba a daɗe da masifar Zamfara ta 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinari, don haka tambayar ba ta wasa ba ce a wurina. Sai dai ba a auna ruwan kududdufi daga ofis. Dole ka je bakinsa da sassafe, ka ɗiba a kwalbar roba, ka ɗiga masa asid don kada ƙarafan su manne a jikin kwalbar, ka sa a kula mai ƙanƙara, ka koma wata mai zuwa, rani da damina. Maigidana bai hana ni ba. Hajiya mahaifiyarsa ce ta ce amaryar gidanta ba za ta riƙa yawon jeji da maza ba, kuma na fahimce ta, domin ita ma tsoron bakin mutane take yi.

Mama ta ce in kai ta gidan. Malam Edita, wannan a 2011 ne. Duk ɗan Jos ya san yadda garin yake bayan rikicin 2008 da na 2010: an raba unguwanni, mai keke ma yana da inda yake tsayawa ya ce daga nan ba ya wucewa. Na ce mata ta bari, ta ce a'a. Ranar Asabar ta ɗaura ɗankwalinta, ta yafa gyale, ta sa aka ɗora kwandon dankalin Turawa na garinsu a bayan mota, muka shiga har tsakar gidan surukaina. Ta durƙusa ta gaida Hajiya duk da cewa kusan sa'o'in juna ne. Ba ta yi maganar 'yancin mata ba, ba ta yi maganar ci gaban ƙasa ba. Cewa ta yi, "Hajiya, aron 'yarki na zo, sau ɗaya a wata." Sannan ta bi damuwar Hajiya ɗaya bayan ɗaya. Wa zai tuƙa motar? Direbanta, dattijo ne. Wa zai raka ta? Ƙanin mijina, shi zai riƙa ɗaukar kula, kuma za a ba shi na sabulu daga kuɗin binciken. Yaushe za a dawo? Kafin la'asar, in kuwa an wuce haka Hajiya ta kira ta, ga lambarta. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "To ai kayan miyar nan mu ma muna ci." Shi ke nan. Wata goma sha takwas na yi ina zuwa kududdufai, wani lokaci Hajiya ce take tashe ni da asuba don kada mu makara.

Abu na biyu da ta yi mini ya fi wannan nauyi. Kafin a auna ƙarfen da ke cikin ganye, sai an busar da shi, an niƙa, an dafa shi a cikin asid mai ƙarfi har ya narke. Hayaƙin da ke tashi ja-ja ne, yana ƙona maƙogwaro, kuma akwatin da ya kamata ya zuƙe shi ya fitar waje ba ya aiki in babu wuta. Ina da cikin wata biyu na ɗana na biyu ina wannan aikin, ban gaya wa kowa ba, saboda kunya, kuma saboda ina tsoron sufabaizana ya ce ga shi nan, dama ya faɗa. Mama ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ta rufe ƙofa ta yi mini faɗa irin na uwa, ta tuna mini abin da ni kaina nake koyarwa a aji, cewa dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, ga ni kuma kullum hannuna a cikin ruwanta. Ta ɗauko takarda ta juya mini jadawalin aikin gaba ɗaya: watannin ciki in yi karatu da rubutun babin farko da na biyu, wani ɗalibinta namiji ya riƙa dafa mini samfur, ni kuma in duba masa lissafinsa. Bayan na yi arba'in na dawo daga wanka, sai in kai samfuran Zariya a auna a na'ura. Ita ta je ta yi wa sufabaizana bayani, da bakin da zai saurara. A makarantun da na sani, babu wata takarda da ta tanadi abin da ɗaliba mai ciki za ta yi a ɗakin gwaji. Kowace tana ɓoye cikinta a farar riga tana shaƙar abin da ta shaƙa.

Sauran ƙanana ne a ido. Maƙalata ta farko da aka dawo da ita da shafi uku na gyara, na ɗauka an kore ni ne, na jefa ta a durowa. Mama ta karanta ta ce, "'Yata, wanda ya zauna ya rubuta miki shafi uku yana son aikin ne," ta koya mini yadda ake amsa masu bita, batu bayan batu, ba fushi, ba roƙo. Ita ta gaya mini cewa wanda ya yi aikin da hannunsa shi ne sunansa ke zuwa farko a maƙala, kuma ana yin wannan maganar kafin a fara aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ta rubuta mini wasiƙar shaida da dare ɗaya lokacin da wa'adi ya matse.

Hausa tana da sunan wannan alaƙa tun kafin a kawo mana ta a takardun taro: uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Babbar mace ta ɗauki ƙarama wadda ba ita ta haifa ba, ta nuna mata hanya, ta shige mata gaba a inda bakinta ba zai kai ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gina karatun matan karkara a kan irin wannan tsari: ta zaɓi jajis, ta naɗa musu malfa, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan taru a garuruwansu. A kimiyyar zamani ma muna da na gaba. Farfesa Deborah Ajakaiye, mace ta farko da ta zama farfesar fiziks a Afirka a 1980, a nan Jos aka haife ta a 1940. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ta koyar a can, ta zo Jami'ar Jos har ta shugabanci tsangayar kimiyya. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure da wuri, sai da ta kai shekara 29 ta shiga jami'a da 'ya'yanta, ta zo ta karɓi lambar yabo ta gidauniyar Elsevier a 2015 a kan binciken sararin samaniya. Ina yawan ambaton ta ga ɗalibaina masu aure. Amma yarinyar da ke kuka a ofishina ba sunan da za ta yi alfahari da shi kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar wadda za ta bi ta gida.

Ba zan ɓoye ba, ba kowace babbar malama ce Mama ba. Akwai wadda za ki je mata da matsalar goyo ta ce, "Mu ma haka muka sha, wa ya taimake mu?" Na daɗe ina jin haushin irin wannan amsa, yanzu kuma na fi jin tausayi, domin na ga abin da ke kansu. In mace ɗaya ce farfesa a tsangaya, kowane kwamiti sai an sa ta don a ce akwai mace, ga koyarwa, ga nata gidan. Kuma maza ma suna riƙe mata da amana. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya koya mini sarrafa na'urar aunawa da haƙurin da ban taɓa gani ba. Sai dai malami namiji mai mutunci yakan ja baya da ɗalibarsa don gudun zargi, ya bar ƙofa a buɗe, ya taƙaita magana a minti biyar, alhali ɗalibinsa namiji yana bin sa har gida su yi awa biyu. Marar mutuncin kuwa, wanda ke riƙe babin yarinya sai ta zo ta same shi a inda bai dace ba, yana nan, duk mun san da shi, kuma yarinyar da ba ta da babbar da za ta kai wa kuka ita ce abincinsa.

Abin da nake nema a wurin shugabannin jami'o'i da kwalejojinmu ba ya cin kuɗi mai yawa. Duk macen da ta shiga digiri na biyu ko aka ɗauka ƙaramar malama a fannin kimiyya, a haɗa ta da wata babba, ko da daga wani sashen ce ko wata makarantar, wadda ba ita ke ba ta maki ba. Shirin AWARD da ke Nairobi, wanda ke tallafa wa matan Afirka masu binciken noma tun 2008, haka yake yi: a haɗa ki da babba, ke ma daga baya ki ɗauki ƙarama. Sannan a ƙirga wannan aikin lokacin ƙarin girma. Yanzu maƙalu ake ƙirgawa da shekarun koyarwa da ɗaliban da aka yaye. Ranar Asabar ɗin da Mama ta kashe a tsakar gidan surukaina ba ta da gurbi a fom ɗin kowa, kuma muddin haka ne, sai wadda Allah ya haɗa da mai zuciya irin tata za ta samu. Kowace sanarwar tallafi kuma a tura ta ga kowa a rubuce ranar da ta iso, da kwanan wata a jiki.

Na san abin da rashin wannan yake jawowa domin ta hannuna ya faru. A yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye a Oktoba, ina da wata ɗaliba 'yar Unguwar Rogo da ta tara samfuranta a firiza. Wata takwas ba wuta a ɗakin, komai ya lalace. Ni kuma ina fama da rashin albashi da hidimar gida, ban kira ta ba ko sau ɗaya. Da aka dawo na nemi ta, aka ce an yi mata aure ta koma Gombe, kuma ta ɗauka aikin ya mutu tun da samfur ya ruɓe. Da na kira ta a watan Mayu na ce mata ana sake ɗiba, ana canja wurin bincike zuwa inda take, da wataƙila yau tana koyarwa. Har yanzu in na buɗe wannan firizar sai na tuna da ita.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinka. Sanarwar tallafin L'Oréal da UNESCO ga matasan mata masu bincike a Afirka, da na gidauniyar Schlumberger mai kai mata ƙaro karatun kimiyya a waje, da na DAAD ta Jamus, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na ƙasar nan, duk da Turanci suke fitowa a intanet. Wanda zai ce "je ki" ko "ba za ki ba" kuwa, uba ne ko miji ko uwar miji, kuma da yawansu jaridarka suke karantawa ko a karanta musu. Ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata ka riƙa buga irin waɗannan da Hausa, da bayanin shekara nawa ne, ko ana tafiya da iyali, da abin da mace za ta dawo ta yi da shi. Ka riƙa aika wakilanka su zanta da matan da ke aiki a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da tashar binciken dankali ta Kuru, a gan su da mazajensu da 'ya'yansu, don mai shakka ya ga cewa gidajensu na nan lafiya. In kana buƙatar mai fassara sanarwar, ni zan yi ba tare da ko kwabo ba.

Ita kuwa ɗalibata ta makon jiya, littafinta yana nan a durowata, ban ba kowa ba. Na yi magana da mahaifiyarta ta waya, ta ce in zo. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je Bukuru in gaida uwar mijin da za ta aura. Mama ta yi ritaya, ƙafa tana damunta, amma da na gaya mata ta ce in biyo ta Rayfield in ɗauke ta, kuma kada in manta in tambayi ko mijin yana da ƙane.

Wassalam.

Taka,
Malamar kemistiri,
Jos, jihar Filato.